Maganin 'Yan Mishan a Ƙauyukanmu: Taimako Ne Ko Tarko?

Idan wata ƙungiyar coci ta aiko wa mai gari takarda cewa za ta kawo likitoci da magani kyauta, a shimfiɗa musu tabarma ne ko a ba su haƙuri? Wannan ita ce tambayar da ake ta jefa wa juna a zauruka da teburan mai shayi, daga Yawuri zuwa Zuru har Birnin Kebbi. Tsohuwar magana ce, amma ta sake tashi tun watan Disamban 2025, lokacin da Amurka da Najeriya suka sa hannu a kan yarjejeniyar kiwon lafiya ta shekara biyar. Amurka ta yi alkawarin kimanin dala biliyan 2, kuma a sanarwarta ta ce wajen dala miliyan 200 za su tafi ga asibitocin Kirista manya da ƙanana fiye da 900. Kafin ka ce kwabo saƙonnin murya sun cika WhatsApp. Wannan ya ce an gama ƙulla yadda za a raba 'ya'yanmu da addininsu ta hanyar allura. Wancan ya ce ai duk mai tambaya butulu ne, tunda gwamnati ta gaza.

Ni Musulmi ne ɗan ƙasar Yawuri, na tashi da maƙwabta Kirista, kuma na ga irin wannan aiki da idona fiye da sau ɗaya. Abin da na gani bai yi daidai da ko ɗaya cikin saƙonnin nan biyu ba. Akwai aikin da ya ceci rai, akwai wanda ya ci mutuncin mabuƙata, kuma duk da sunan mishan aka zo da su. Abin da ya raba su shi ne sharuɗɗan da aka shigo gari da su, da kuma abin da ya rage bayan motoci sun juya.

## Wa ake nufi da 'yan mishan?

A bakin mutanenmu, duk wanda ya sauko daga farar mota mai tambari, ya sa 'yar shara mai aljihu da yawa, ɗan mishan ne. Daga wannan kuɗin goron ruɗanin ya faro.

Mishan na ainihi ƙungiya ce da aka kafa domin yaɗa bishara, wadda ta ɗauki makaranta da asibiti a matsayin wani ɓangare na aikinta. Irin su SIM ke nan, wadda ta haifi cocin ECWA a 1954, da waɗanda suka kafa cocin UMCA da ke da ƙarfi a ƙasar Zuru, da kuma Katolika. Mutane da yawa har yanzu Bature suke hangowa idan an ce mishan, alhali a yau da wuya ka ga Bature ɗaya a cikin ayarin. Likitan ɗan Filato ne, nas ɗin 'yar Zuru ce, direban kuwa wataƙila ɗan unguwarku ne.

Sai ƙungiyoyin agaji masu tushen Kiristanci waɗanda aikinsu ya fi kama da kwangila, kamar Catholic Relief Services, wadda ke cikin manyan masu karɓar kuɗin asusun tallafin lafiya na duniya, Global Fund, domin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a Najeriya, da The Leprosy Mission mai aikin kuturta tun 1874, wadda ke tallafa wa Kebbi da Zamfara da Sakkwato. Waɗannan suna ɗaukar Musulmi aiki, suna aiki a ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, kuma ana bin diddigin kuɗinsu.

Akwai kuma waɗanda ba ruwansu da coci ko kaɗan, amma mun shafa musu sunan. Likitocin MSF, da ake kira Na-gari Na-kowa, su ne suka gano bala'in gubar dalma a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, inda aƙalla yara 400 suka rasu. Ba ƙungiyar addini ba ce. Haka UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya. Ita ma Red Cross, jan alamar da ke jikin motarta tutar ƙasar Suwizalan ce aka juya launinta, kuma 'yar'uwarta a ƙasashen Musulmi da yawa jinjirin wata take ɗauka.

Na ƙarshe su ne ayarin kwana biyu ko uku: wani coci daga Abuja ko Legas ko ƙasar waje ya tara kuɗi, ya sayi magani, ya ɗauko likitocin sa-kai, a zo a kafa rumfa a makarantar firamare, a tafi. Mafi yawan rigingimun da nake ji a kan wannan rukuni suke, kuma shi ne wanda ba a cika sa wa ido ba.

## Kuturta ce ta buɗe ƙofa

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai sa baki a addini ba. A aikace wannan ya sa gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa taka wa 'yan mishan birki a masarautun Musulmi, ta bar musu yankunan da ba Musulmi ne suka fi yawa ba. Shi ya sa tun shekarun 1920 aka kafa tashar mishan a Zuru, kuma asibitin Tungan Magajiya, wanda yanzu yake cikin Jihar Neja, ya daɗe yana yi wa mutanen Zuru da Rijau da Yawuri hidima, alhali a Gwandu da Argungu labari ya sha bamban.

Abin da ya sauya lissafin shi ne kuturta. En'e, wato hukumar mulkin sarakuna, ba ta da likitocin da za su zauna da kutare, kuma ba kowa ne zai yarda ya wanke musu gyambo ba. A ƙarshen shekarun 1930 sai aka yi yarjejeniya, SIM ta karɓi kula da sansanonin kutare a Amanawa ta Sakkwato, da Babbar Ruga ta Katsina, da kuma na Kano. A lokacin Gwandu da Argungu da ƙasar Zamfara duk Lardin Sakkwato ne, don haka kakanninmu da cutar ta kama Amanawa ake kai su. Wannan shi ne haɗin gwiwa na farko mai girma tsakanin sarakunan Musulmi da mishan a kan lafiya, kuma tun a nan aka ga fuskokinsa biyu. An yi wa mutanen da danginsu suka guje su jinya da mutunci. Sannan wasu daga cikin majinyatan, da yaran da suka tashi a hannun 'yan mishan a sansanonin, sun zama Kirista, abin da bai yi wa sarakuna da malamai daɗi ba. Duk wanda ya faɗi ɗaya ya ɓoye ɗaya bai ba da tarihin daidai ba.

Daga nan abubuwa suka yaɗu. Asibitin ido na Kano, wanda ECWA ke riƙe da shi, ya fara aiki tun farkon shekarun 1940, kuma har gobe cike yake da Musulmi. A Nijar SIM ta buɗe asibitin Galmi a 1950, wanda mutanenmu ke ƙetarawa ta Illela da Ƙonni su je. Sistocin Katolika daga Amurka sun sauka Gusau a 1956, suka kama aikin jinya da karɓar haihuwa. A 1973 coci-coci suka haɗa asibitocinsu a ƙarƙashin ƙungiyar CHAN, wadda daga baya ta kafa sashen sayo magani da rarraba shi a Jos. A cikin shekarun 1970 ɗin ne kuma gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantu da asibitocin mishan da yawa, wasu suka ci gaba, wasu suka lalace.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne, tsarin nan na horar da ɗan ƙauye ya zama mai kula da lafiyar ƙauyensu, 'yan mishan suna cikin waɗanda suka fara gwada shi. A Garkida, shirin lafiya na Lardin Gabas da Ekklesiyar 'Yan'uwa ta gudanar a shekarun 1970 yakan bar gari ya zaɓi nasa mutum, a koyar da shi 'yan watanni, ya dawo yana koya wa jama'a tsabta da rigakafi ta hanyar ba da labari. Irin wannan tunani ne duniya ta amince da shi a taron lafiya na duniya da aka yi a Alma-Ata a 1978, shi ne kuma Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya ɗora tsarin lafiya a matakin farko a kansa lokacin da ya zama ministan lafiya a 1985.

## Yadda haɗin gwiwar ke tafiya

Kalmar haɗin gwiwa takan sa a ɗauka mutum biyu ne suka yi musabaha. Sarƙa ce mai tsawo. Kuɗin na iya fitowa daga baikon masu ibada a wani coci a Amurka ko Jamus ko Koriya, ko daga wata gwamnati. Ya faɗo hannun coci ko ƙungiya ta cikin gida. Ita kuma ya kamata ta nemi izinin ma'aikatar lafiya ta jiha, ta bi ta sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ta gaida hakimi, sannan ta iso wurin mai gari. Likitan da ya zo daga waje sai ya sami rajistar wucin gadi daga hukumar da ke kula da likitoci ta ƙasa, magani kuma sai wanda NAFDAC ta sani. Duk inda aka tsallake ɗaya daga cikin waɗannan matakai, a nan ɓaraka take shiga.

Aikin kuturta na yau misali ne na wanda aka bi tsari. Maganin kyauta ne a duk duniya tun 1995 ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, ana shan sa wata 6 ko wata 12 a warke. Majinyaci a asibitin gwamnati yake karɓa, a hannun ma'aikacin gwamnati. Abin da ƙungiyar mishan ke kawowa shi ne horar da ma'aikacin, da taimaka masa ya shiga ƙauyuka neman masu tabo a fata, da takalma na musamman ga waɗanda ƙafarsu ta mutu. Mutum zai warke sarai bai taɓa sanin akwai hannun coci a ciki ba.

Me ya sa ƙauyukanmu suka zama wurin zuwa? Amsar ba ta da nisa. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka gwada a Kebbi suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, babu jihar da ta kai mu. A Zamfara da kudancin Kebbi, wajen Danko-Wasagu da Sakaba, 'yan bindiga sun kori ma'aikatan lafiya daga garuruwa da dama. Inda ɗakin shan magani ya zama wurin kwanan awaki, duk wanda ya zo da kwalin magani zai tara jama'a.

## Ayari biyu a ƙauyen kawuna

Ayari na farko da na gani sun turo mutum tun mako biyu kafin ranar. Wani fasto ne mai furfura, ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure, ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, mun zo neman izini ne.” Mai gari ya sa aka kira liman. Liman bai yi kwana-kwana ba, ya ce, “Fasto, maganin nan da wa'azi yake tafe ko shi kaɗai?” Faston ya ce, “Malam, mu Kirista ne, ba za mu ɓoye ba. Za mu yi addu'armu da safe a tsakaninmu kafin mu fara. Wanda ya zo layi ba za a tambaye shi addininsa ba, ba za a ba shi takarda ba. In wani ya tambaye ni abin da na gaskata, zan faɗa masa.” Liman ya ce to mata fa? Aka ce akwai likita mace da nas biyu, kuma za a ware musu aji guda a rataya zane a taga.

Haka aka yi. Tun bayan asuba layi ya kai bakin rijiya. Malamin asibitin gwamnati na gundumar shi ne ya zauna a teburin farko yana rubuta sunaye a cikin babban littafinsa, abin da sai daga baya na gane muhimmancinsa. Aka ware masu gwaiwa da ƙaba da yanar ido, aka rubuta musu ranar da mota za ta zo ta kai su aiki. Wani tsoho da ya shekara uku ana ja masa sanda ya dawo bayan an cire masa yanar, na same shi a gindin dalbejiya ya buɗe Alƙur'aninsa mai warwara yana bin layi da yatsa, hawaye na zuba. Bai bar sallarsa ba, ba kuma wanda ya nemi ya bari.

Amma ko wannan ayari mai kyau ya bar baya da ƙura. Gwaggona ta je da ciwon kai da jiri. Nas ta ɗaura mata abin awo a dantse, ta duba, ta sake dubawa, ta ce, “Mama, jininki ya hau sosai. Wannan maganin kullum za ki sha, kada ki fasa.” Aka ƙirgo mata ƙwaya talatin a farar leda. Ta sha, ta ji daɗin jikinta, maganin ya ƙare, ta ɗauka ta warke. Babu mai sayar da shi a garin, babu kuma wanda ya gaya wa 'ya'yanta cewa hawan jini ba ya jin magani na wata ɗaya. Da na kai ta aka sake aunawa bayan wata uku, ya koma inda yake har ya ɗara. Aikin tiyata a yi shi sau ɗaya ne a gama. Hawan jini da ciwon suga da farfaɗiya kuwa abokan zama ne, rumfar kwana biyu ba ta iya musu.

Ayari na biyu bayan shekara biyu suka zo, kuma ba su nemi kowa ba sai wani ɗan siyasa. Da yamma suka kafa majigi. Washegari aka ce kati sai wanda ya zauna aka gama wa'azi, aka kuma ɗora masa hannu a ka. Na ga mata da goyo suna zaune cikin rana sun sunkuyar da kai, ba don sun yarda ba, don yaron da ke bayansu jikinsa zafi rau. Wani saurayi yana bi yana ɗaukar hotonsu ba tare da ya ce musu uffan ba. Ranar na ji zafin da har yau bai sake ni ba. Wani maƙwabcinmu Kirista, wanda ya yi aikin asibiti shekaru, shi ne ya fara zuwa ya same su ya ce abin da suke yi kunya ne ga sunan Almasihu.

## Zargin da ke da tushe da wanda ba shi da shi

Zargin da ya fi yawo shi ne cewa ana sa maganin hana haihuwa ko wata cuta a cikin allura. Ban ga hujjar wannan ba, kuma mun riga mun biya kuɗinsa da tsada. A 2003 Kano da Zamfara da wasu jihohi sun dakatar da rigakafin shan inna saboda wannan jita-jita. Kano ba ta dawo ba sai Yulin 2004, bayan an kawo maganin daga Indonesiya. A sakamakon haka cutar ta gurgunta yaranmu, ta kuma tsallaka ƙasashe kusan 20. Sai da sarakuna, ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, suka sa kansu a gaba kafin a kai ga shelar kawar da ainihin nau'inta daga Afirka a Agustan 2020.

Duk da haka ba na yi wa mai tsoro dariya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara 200, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Abin lura dai shi ne, wannan aikin kamfanin magani ne, babu hannun mishan a ciki.

Zargin cewa suna son mutane su karɓi addininsu kuwa gaskiya ne, su ma ba su musa ba. Mishan ba ta taɓa cewa ta daina bishara ba. Sashe na 38 na tsarin mulki ya ba kowa 'yancin yaɗa addininsa, kuma da wannan 'yancin ne mu ma kwamitocin da'awarmu ke shiga ƙauyukan Kambari da Dukawa da Maguzawa da tufafi da hatsi da magani. A nan ya kamata mu yi wa kanmu adalci: mudun da muka auna wa fasto, da shi za a auna wa mai da'awa. Wa'azi a fili, wanda mutum zai iya tashi ya bar wurin bai rasa komai ba, hakkin kowa ne. Riƙe magani a hannu har sai marar lafiya ya sunkuyar da kai zalunci ne, ko wane ne ya yi. Inda abin ya fi tsanani shi ne yara da marayu. Duk shirin da zai ɗauki yaro daga hannun danginsa da sunan jinya ko karatu, tilas a san inda za a kai shi, da wanda zai riƙe shi, da ranar dawowarsa, a rubuce.

Shan maganin wanda ba Musulmi ba kuwa, malamai sun daɗe da halatta shi matuƙar amintacce ne kuma ya san aikinsa. Cikin abin da suke kafa hujja da shi akwai ɗaukar Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, wanda ba Musulmi ba ne a lokacin, ya zama ɗan jagora a tafiyar Hijira. Halifofin Abbasiyawa a Bagadaza ma zuriyar Bukhtishu, Kiristoci, su ne likitocin fadarsu tsara bayan tsara.

## Abin da Kirista ke cewa

Idan ka zauna da ma'aikacin asibitin mishan zai ce maka jinya ibada ce a wurinsa, domin Almasihu ya warkar da marasa lafiya ya kuma umarci mabiyansa su yi haka. Wasu sukan kawo labarin kutare goma da ke cikin Linjilar Luka, waɗanda aka warkar duka, ɗaya kaɗai ya dawo godiya, kuma ba a karɓe lafiyar sauran taran ba. Manyan hukumominsu ma sun rubuta wannan. Ƙa'idar aikin agaji ta 1994, wadda ƙungiyoyin coci irin su Caritas ke cikin masu ɗaukar nauyinta, ta ce ba za a yi amfani da agaji don tallata wata aƙidar siyasa ko addini ba. A 2011 Fadar Paparoma da Majalisar Coci-coci ta Duniya da ƙawancen masu bishara na duniya sun fitar da takarda tare, suka ce cin gajiyar talauci da buƙatar mutum ba shi da gurbi a aikin bishara. Ke nan mai garin da ya ce a raba magani da wa'azi bai nemi abin da ya saɓa wa addininsu ba.

Kada kuma a manta Kiristan Zuru ɗan ƙasa ne, ba baƙo ba. Asibitin cocinsu nasa ne kamar yadda asibitin da 'yan FOMWAN ko 'yan agajin Izala ke taimakawa yake namu. Suna kukan cewa duk lokacin da jita-jita ta tashi, nas ɗin da ta shekara ashirin tana karɓar haihuwar matan Musulmi ita ce ake fara yi wa kallon banza.

## Kuɗin Amurka da abin da zai iya biyo baya

A ganina, liƙa wa kuɗin lafiya tambarin addini kuskure ne, kuma Kiristocin Arewa na cikin waɗanda zai fi cutarwa. Mafi yawan asibitocin mishan suna Kudu ne da jihohin tsakiya, Kebbi da Zamfara kaɗan ne rabonsu. Saboda haka kuɗin da zai iso nan ba zai taka kara ya karya ba, amma zargin zai iso cikakke. Abin da nake tsoro shi ne ya fantsama kan abin da bai shafe shi ba. A Disamban 2024 aka fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Najeriya, kuma Kebbi da Bayelsa aka fara da su. Idan uwa ta ji saƙon murya ta ɓoye ɗanta a bayan rumbu ranar da masu allura suka zo, ba Amurka ce za ta yi jana'iza ba.

Sannan kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuɗin waje yana zuwa da buƙatar mai shi, yana kuma ɗaukewa ranar da ya ga dama. Mun gani a Janairun 2025, da gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, daga baya ta rushe hukumar USAID, shirye-shirye da dama suka tsaya cak, ma'aikata suka koma gida. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja tun 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi, gwamnatin tarayya ba ta cika ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta sami asibiti guda mai aiki. Mazaɓu 225 ne a Kebbi. Kowa ya san halin da na mazaɓarsu yake ciki. Attajiranmu kuma, da sun karkata wani kaso na zakka da waƙafi zuwa albashin ungozoma da maganin wata-wata, da rabin wannan muhawarar ba ta taso ba.

Akwai hanyar da aka riga aka gwada. A 2009 Sarkin Musulmi da Akbishop John Onaiyekan sun jagoranci wata ƙungiyar haɗin kan addinai da ta horar da limamai da fastoci su riƙa yi wa mabiyansu bayanin gidan sauro. Kowa a mumbarinsa ya yi magana, babu wanda ya shiga gonar wani.

## Kafin a shimfiɗa tabarma

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka mai gari da liman da kwamitin lafiya na mazaɓa su ne ya kamata su yi tambaya tun a zaure, cikin mutunci. A nemi ganin takardar ma'aikatar lafiya, a kira shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma a tabbatar. A ji sunan ƙungiyar da inda ofishinta yake, domin a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa idan aiki ya ɓaci. A yi maganar wa'azi ƙarara kamar yadda limamin garin kawuna ya yi, da maganar mata, da ta hoto. A duba kwanan watan da ke jikin kwalin magani. A dage malamin asibitin gundumar ya zauna a teburin rajista, littafin kuma ya kwana a gari, domin da wannan littafin ne daga baya aka bi sawun masu hawan jini fiye da goma da aka gano a ranar, ciki har da gwaggona. Tambayar da ta fi kowace nauyi a wurina ita ce ta wata na biyu: wanda aka ɗora a kan maganin kullum, ina zai sami na gaba, kuma nawa ne? Ƙungiyar da ta zo da niyyar aiki za ta zauna a yi wannan lissafin da ita, wataƙila ma ta yarda ta rage yawan garuruwan da za ta zaga domin ta horar da mutum biyu a gari ɗaya.

A ƙauyen kawuna, kwamitin ya rubuta wa ƙaramar hukuma takarda sau biyu a kan ɗakin shan maganin da iska ta yaye wa rufi, har yanzu ana jira. Gwaggo kuwa ɗanta ne ke sayen maganin a Yelwa duk ƙarshen wata, ya ba direban motar kasuwa ya kai mata.